Sitiyarina ya daina gaya min abin da taya ke ciki, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban taɓa wasan tseren mota na Assetto Corsa Competizione ba, da na dawo sai na tarar an sabunta shi. Sitiyarin Logitech G29 nake amfani da shi a kwamfuta. A da in na shiga kwanar Parabolica a filin tseren Monza da motar BMW M4 GT3, hannuna kan ji lokacin da tayoyin gaba suka fara sakin kwalta. Yanzu nauyi kawai nake ji, sai dai in ga motar ta ƙwace. Gain ɗina, wato saitin ƙarfin da wasan ke tura wa sitiyari, na kan 100. Sitiyarin ne ya gaji, ko wasan ne ya canza?

Mai Birki:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, sitiyarinka lafiyarsa lau. Ƙarfin G29 bai wuce Nm 2 da ɗoriya ba (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne). In ka kai Gain ƙarshe, wasan na neman ƙarfin da injinsa ba zai iya bayarwa ba, sai ya tsaya a ƙololuwa, ƙaramin motsi da babba su zama ɗaya a hannunka. Dubi sandar ƙarfin sitiyari da ke kan allon wasan, kusa da alamar birki da totur. In tana yin ja a tsakiyar kwana, rage Gain kaɗan-kaɗan har ta daina. Da farko zai yi maka sakayau, ka daure, a nan ne za ka fara jin taya.

Direban Spa:
Ƙari a kan haka, Malam, tsohon saitin mota kake ɗorawa? Kamfanin Kunos, mai wasan, ya sauya lissafin taya a sabuntawa ta 1.9, cikin Afrilun 2023. A da muna neman iskar taya wajen psi 27.5, yanzu tsakanin 26 da 27 ake so in taya ta yi zafi a busasshiyar hanya. Da tsohon saiti iska ta yi yawa, motar za ta riƙa santsi. Ɗauki saitin da wasan ya zo da shi, ka gyara daga nan.

Ƙanin Kowa:
Oga, ka tara kuɗi ka sayi sitiyarin Fanatec CSL DD kawai. Babu haƙoran giya a ciki, Nm 5 yake bayarwa.

Mai Birki:
Yana da kyau, amma ko shi in ka cika masa Gain haka zai yi. Kada ya kashe ko sisi tukuna. Ka kuma tabbatar juyin sitiyari digiri 900 ne a G HUB, manhajar Logitech, da cikin wasan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba sandar, ja take yi tun daga bakin kwana. Gain zan fara taɓawa ko iskar taya?

Direban Spa:
Iska tukuna, sannan Gain. Kada ka haɗa su lokaci guda, don ka san wanne ya yi aiki.