Wace kalma za mu sa wa "play therapy" da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da kalma don Allah. Ina rubuta wa iyaye bayani ne kan abin da Turawa ke kira play therapy, wato yaro ɗan shekara 3 zuwa 12 da wani abu ya taɓa masa zuciya, firgici ko rasuwa ko rabuwar iyayensa, bakinsa ya kasa faɗa, sai a kai shi ɗaki mai 'yar tsana da yashi da fenti, ƙwararre na zaune yana lura yana binsa har abin da ke ransa ya fito a cikin wasan. Virginia Axline ce a Amurka ta shimfiɗa ƙa'idojin wani salonsa a 1947, salon da yaron ne ke jan ragama ba babba ba.

Na fara rubuta "maganin wasa" na goge, don Bahaushe na jin haka zai ɗauka ba na gaske ba ne. Wata 'yar'uwa ta ce min "wasan jinya", wallahi na so kalmar jinya, don jinya a wurinmu ba ta likita kaɗai ba ce, uwa ce ke kwana a gefen gado, amma kunne na jinsa kamar yara ne ke kwaikwayon asibiti. Ni dai yanzu "wasan waraka" ya fi kwanta min a rai.

Inda na maƙale shi ne reshen da iyaye ke yi da kansu, filial therapy. Bernard Guerney da matarsa Louise ne suka fito da shi a shekarun 1960, suka ce maimakon baƙo, a koya wa uwa da uba. Daga baya Garry Landreth ya tsara shi zama 10 na koyar da iyaye, kai kuma a gida minti 30 sau ɗaya a sati, ka zauna a ƙasa da yaron, ba gyara, ba wa'azi, ba tambayoyi, sai dai ka faɗi abin da ka gani, "na ga ranka ya ɓaci, ka binne motar cikin yashi". Sai in zai yi duka ko ɓarna ne za ka taka masa birki.

To in na ce "wasan waraka na iyaye" ina tsoron wasu su ja baya, kun san alkunya, uwar da ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa yaya za a ce ta baje a tabarma tana wasa da shi? A gidajenmu kaka ce abokiyar wasan jika, ga goggo, ga marikiya da yaro ya tashi a hannunta. Shi ya sa na karkata ga "wasan waraka na gida", kowa ya shiga. Amma fa ba na so kalmar ta zama mafakar uba, ya ce ai aikin mata ne, minti 30 ɗin nan har da shi.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, "waraka" kuke cewa ko "warkewa" ta fi zama a bakinku?