Wane batir ya dace da masana'antar ƙanƙara mai aiki da sola?

Mai Ƙanƙara, Kano

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar ƙanƙara, tare da ɗakin sanyi guda ɗaya da masu kifi suke ajiye kayansu. Bayan ɗaukewar wutar da ta shafi jihohin Arewa a watan Oktoba na 2024, wadda ta kai fiye da mako guda, na sanya farantan sola na kilowat 30 a kan rufin. Da rana ba ni da damuwa, amma daga magariba zuwa hantsi janareta nake kunnawa, kuma kuɗin gas yana neman cinye ribar. Masu haɗa sola biyu sun duba wurin: ɗaya ya ce in sayi batura na tubula, wato masu ruwa, saboda sauƙin kuɗinsu, ɗayan ya ce ban da lithiyam duk asara ce. Injunan da nake bari a kunne da dare suna jan kimanin kilowat 8. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo maganar irin batir, ya kamata a fara da lissafin da nake zaton masu haɗa solar ba su yi maka ba. Kilowat 8 na tsawon awa 13, wato daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 7 na safe, ya kama yunit 104. Farantan kilowat 30 a Kano, idan suna da tsabta kuma babu hazo, za su ba ka abin da bai wuce yunit 140 zuwa 150 ba a wuni, kuma injunanka na rana ne suke shan mafi yawansa. Idan rarar da take saura yunit 40 ce ko 50, to ko ka cika ɗaki da batura ba za su cika ba, domin batir rumbu ne, abin da aka zuba masa kawai yake bayarwa. A lokacin hunturu ma, da ƙura ta kwanta a kan farantan, rarar za ta ƙara raguwa.

Batir na tubula mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4 a rubuce, amma rabinsa kaɗai ake so a ja idan ana son ya daɗe, saboda haka yunit 104 zai buƙaci batura kusan 87, kowanne kuma sai an riƙa duba ruwansa. Na lithiyam, irin wanda ake kira LiFePO4, mai bolt 51.2 da amfiya 100, yana ɗaukar yunit 5.12 kuma ana iya jan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba, ke nan kusan guda 23. Tubula mai kyau yakan jure caji da saukewa sau 1,000 zuwa 1,500, lithiyam mai kyau kuwa yakan haura sau 3,000. Ga wurin da zai yi aiki kowane dare, ni dai lithiyam zan zaɓa.

Sai dai shawarata ta gaskiya ita ce kada ka sayi ko ɗaya daga cikin adadin nan biyu. Sana'arka tana da wani gata da mai asibiti ko mai otal ba shi da shi, domin ƙanƙara da kanta ajiyar wuta ce. Ka mayar da daskarar da ruwa gaba ɗaya tsakanin ƙarfe 9 na safe da 4 na yamma, ka sauke sanyin ɗakin kifi ƙasa sosai kafin la'asar, ka gyara robar bakin ƙofa da duk inda bangon yake zubar da sanyi, sannan a rage buɗe ƙofar da dare. Abin da zai rage wa batir shi ne ya riƙe ɗakin sanyi da fitilu, kuma wannan zai iya shiga cikin rarar da kake da ita. Ka kuma tabbatar inbatarka, wato na'urar da take juya wutar batir zuwa irin wadda injuna suke ci, tana iya ɗaukar tashin kwamfuresa, injin da yake samar da sanyin, domin a daƙiƙun farko kwamfuresa takan ja ninki biyar ko shida na wutar da take ci idan ta daidaita.

Hajiya Mai Shagon Sanyi, Maraɗi

Alhaji, abin da Injiniya ya faɗa game da tubula na gani da idona. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023 na sayi batura 16 cikin gaggawa, muka jera su a wani ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da taga. Ba su cika shekara biyu ba suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka yi mini bayani cewa ana auna rayuwar irin wannan batir ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yakan rage ta da kusan rabi, alhali a watan Afrilu nan da Kano duk muna haura 40 a inuwa. Kuskurena na biyu shi ne da huɗu suka mutu na sayo sababbi na haɗa da tsofaffin, tsofaffin suka ja su ƙasa cikin 'yan watanni. Lithiyam ma ba ya son zafi, don haka ka ware masa wuri mai iska tun kafin a kawo shi. Ka nemi garanti a rubuce, kuma a gwada cikarsa a gabanka, domin akwai masu haɗa tsofaffin ƙwayoyi a cikin sabon akwati.

Malamin Lissafin Kuɗi, Kano

Ina da ɗan saɓani da masu ganin cewa manufar ita ce a kori janareta baki ɗaya. Lita ɗaya ta gas takan ba da yunit 3 zuwa 3.5 idan janareta yana ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa, amma babban janareta da yake jan kilowat 8 kacal duk dare yana ƙona mai a banza, yana kuma tara baƙin hayaƙi a cikinsa. Idan akwai batir, ana iya kunna shi awa uku ko huɗu da cikakken kaya, ya ciyar da injuna ya kuma cika batir, sannan a kashe shi. Haka nan idan wutar KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, ta zo cikin dare, a bar inbata ta yi caji da ita. Ko a rukunin A na masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, wanda hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024 kafin a ɗan sassauta, wutar layi ta fi ta gas araha. Wajen kwatanta tayin mutanen biyu, Alhaji ya raba kuɗin kowane batir da jimillar yunit ɗin da zai bayar a tsawon rayuwarsa, ya bar kallon kuɗin ranar saye.

Mai Ƙanƙara, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ari mita na auna dare biyu a jere, sai na tarar yunit 70 muke ci, ba 104 ba, saboda kwamfuresa tana hutawa lokaci zuwa lokaci, kuma kusan rabinsa na injin ƙanƙara ne da muka saba bari yana aiki har asuba. Daga gobe za mu mayar da shi rana mu sake aunawa. Injiniya, idan na fara da lithiyam takwas, zan iya ƙarawa badi ba tare da abin da ya sami Hajiya ya same ni ba?

Injiniya, Kaduna

Za ka iya, Alhaji, matuƙar kamfani ɗaya ne da samfuri ɗaya, kuma na'urar da take lura da cajin kowanne tana magana da inbatar. A cika tsofaffin da sababbin zuwa mataki ɗaya kafin a haɗa su, kuma tun yanzu a sa wayoyi da fis masu ɗaukar ƙarin.