Muhawara: "Ye" ɗin tsofaffin shagunan Ingila, "yi" ake karantawa ko "the"?

Malamin Turanci: Jama'a, ga magana. Wannan "Ye Olde" da ake rubutawa a allon wasu shagunan Ingila, duk mai karanta shi "yi oldi" ya yi kuskure. "The old" ne kawai, wato tsohon kaza.

Ɗaliba: Malam, a gafarce ni, amma ban gamsu ba. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 akwai "ye" birjik, kuma ma'anarsa "ku". Ya za a yi ya koma "the"?

Malamin Turanci: Kin yi gaskiya, sai dai kalmomi biyu ne suka yi kama. Naki wakilin suna ne, "yi" ake furta shi. Wanda nake nufi daban. Turawan Ingila na dā suna da wani harafi, þ, mai suna "thorn", shi ke ɗaukar sautin th. Suna rubuta þe. A rubutun hannu sai ya riƙa lanƙwashewa har ya yi kama da y. Da William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster da ke Landan a 1476, haruffan ƙarfen da masu ɗab'i ke aiki da su yawanci daga wasu ƙasashen Turai suke zuwa, inda ba a san þ ba. Sai aka riƙa cusa y a gurbinsa. Har yau mutanen Iceland na rubutu da þ.

Mai Buga Kati: Wallahi Malam ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Na taɓa buga katin biki da wani salon haruffa marar ƙ da ɗ, "ƙasa" ta fito "kasa", "ɗaurin aure" ya fito "daurin aure". Babu wanda ya karanta da d. Ido ya ga d, baki ya faɗi ɗ. Haka su ma Turawan Ingila na dā, ina ji.

Baban Yara: To ni a nan nake da ja. Malam, wa ke rubuta "Ye Olde" yau? Mai shagon da ke son a ce kayansa na gargajiya ne. Shi da kansa "yi oldi" yake cewa, masu sayayya ma haka. In mai abu ya raɗa wa abinsa suna, kai wane ne da za ka ce ya yi kuskure?

Malamin Turanci: Alhaji, yawan masu kuskure ba ya mayar da shi daidai.

Baban Yara: A harshe kam yana mayarwa! Ɗauki "island", wato tsibiri. Da "iland" ake rubutawa, wasu suka zaci dangin "isle" ce, suka liƙa mata s. Yau ɗalibinka ya bar s ɗin nan mu gani in ba za ka ja masa jan biro ba.

Ɗaliba: Malam, Baba ya kama ka fa.

Malamin Turanci: Bai kama ni ba, Malama. Rubutu aka sauya a can, furuci bai motsa ba, har gobe ba a furta s ɗin. Haka b na "debt", wato bashi, da "dette" ce, aka ƙara b don a nuna asalinta na Latin, ba wanda ke faɗinsa. Ni furuci nake karewa.

Baban Yara: To sai ka je Landan ka gyara musu.

Mai Buga Kati: Kafin nan, wa ya san yadda ake samo þ ɗin a waya? Na danne t, na danne y, bai fito ba.