Musayar Waƙa: Trojans Da Kocinsu Rod Dedeaux

Ɗan Kurmi:
Sallama 'yan'uwa, ga waƙa tana tasowa,
Jami'ar USC nake son yabawa,
A Los Anjalas take, ƙasar Amurkawa,
Besbol ne wasan, jifa da bugawa,
Trojans ake kiran 'yan wasanta, ba mantawa.
Kofin ƙasa 12 suka yi ɗaukewa,
Wa zai faɗi na farko? Ina saurarawa.

Gimbiyar Zazzau:
Yaya Ɗan Kurmi, na karɓi saƙo,
A 1948 suka ɗau na farko,
Garin Kalamazu kowa ya je baƙo.
Jami'ar Yale ce ta sha kaye a ƙarshen wasan,
George Bush uba ne kyaftin ɗinsu, ku san.

Malam Bagobiri:
'Yata Gimbiya, kin faɗi gaskiya,
Amma kin tsallake uban tafiya,
Rod Dedeaux, koci mai ƙin gajiya.
A 1942 ya kama hanya,
Sai 1986 ya sauka lafiya,
Kofi 11 da hannunsa, ba ƙarya.
Albashinsa a shekara dala ɗaya,
Kamfaninsa na motocin kaya ya ba shi dukiya,
Abin da ya kai shi fili, son wasa a zuciya.

Ɗan Kurmi:
Baba, koci ba ya jifa da hannunsa,
Sai ya sami yara masu cika burinsa.
Tom Seaver ya yi jifa a ƙarƙashinsa,
Fred Lynn da McGwire sun yi bugu a gabansa,
Randy Johnson dogo, shi ma ɗalibinsa,
Yabon nan a raba, kowa ya ɗau kasonsa.

Malam Bagobiri:
Ɗana, mu je Omaha, garin gasar kofin, mu duba yara,
A 1973, da Minesota aka kara.
Dave Winfield ɗinsu na jifa, ba a iya tunkara,
Bakwai da babu aka shiga zagayen ƙarshe, na tara,
Duk mai lissafi ya ce babu saura.
Sai Trojans suka tashi, bugu suka jera,
Maki 8 suka ci kafin a ankara.
Wa ya cire karaya daga zukatan yara?
Kofi biyar a jere, 1970 aka fara,
Har 1974 ba su bar wa kowa saura,
Wasu na gama karatu, wasu na fara,
Koci ɗaya ne tsaye yana ta gyara.

Gimbiyar Zazzau:
Ku tsaya in raba ku, zancen mai sauƙi ne.
Kofi na 12 a 1998 ne,
Tun daga shi shiru, abin takaici ne.
21 da 14, ci mai yawa ne,
Arizona State aka doke, sananne ne.
Mike Gillespie ke koci, Yaya ka san wane ne?
Cikin zakarun 1961 ɗan wasa ne,
Shi ma ai yaron Dedeaux ne.