Neman shawara: keken guragu mai hawa bene, ya dace da Baba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafar hagu. Gidanmu bene ne a Jekadafari, Gombe, ɗakinsa kuma a sama yake. Duk ranar zuwa gashin ƙashi sai samari biyu sun ɗauko shi a kujera, shi kuma abin yana ɓata masa rai ƙwarai. Yayanmu ya turo bidiyon wani keke mai hawa matakala da kansa, ya ce a haɗa kuɗi a sayo. Don Allah wanda ya san abin nan ya ba mu shawara.

Ma'aikacin gashin ƙashi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kekunan da ke yawo a bidiyo galibi iri biyu ne. Akwai iBOT na Amurka, wanda Dean Kamen ya ƙirƙira, aka amince da shi a 2003. Tayoyinsa ne ke juyawa bisa juna suna taka matakala. An sayar da shi wajen dala 25,000, aka daina yin sa a 2009 saboda ƙarancin masu saye, sai 2019 ya dawo. Sai Scewo na Suwizalan, mai sarƙar roba irin ta katafila, da baya yake hawa. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne, a iBOT mai hawa ne ke riƙe ƙarfen gefen matakala yana jan jikinsa, ko wani ya tallafa masa ta baya. Mutumin da ɓarinsa guda ya mutu, wataƙila ma ganinsa na wannan ɓangaren ya ragu, ni ba zan sa shi a kai ba. Ku fara tambayar wanda ke masa gashi yaya daidaiton zamansa yake.

Wani mai gyaran sola da inbata: Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Scewo ya haura kilo 150, kuma kwamfuta ce ke tafiyar da shi. Ranar da ƙurar hunturu ta shiga na'urar, ko batirin ya gaji, wa zai buɗe muku shi a Gombe? Ga kuɗin jirgi da na kwastan. Kuma ku auna kwanar matakalarku, yawancin benayenmu matsattsu ne.

Wata mai amfani da keke, daga Bauchi: Akwai na uku da ba a cika tallata shi ba. Inji ne da ake maƙala wa keken da kuke da shi, kamar Scalamobil na Jamus, nauyinsa kusan kilo 25. Mutum ɗaya ya tsaya ta baya yana riƙe, injin na ɗaga keken taki ɗaya bayan ɗaya. Sai an koya wa mai riƙon sosai, kuma a ɗaure Baba da bel. Akwai kuma kujerar da ke bin dogo a jikin matakala, amma wannan tana buƙatar keke biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kada wani ya ce muku a yi gangara har sama. Ƙa'ida ita ce kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 12 ta tsawo, wato bene mai mita 3 zai ci mita 36. A wane fili?

Hajiya, daga Pantami: Ɗana, duk wannan lissafin me ya kawo shi? Ba ku da falo a ƙasa? Ku gyara shi, ku faɗaɗa ƙofar banɗaki, mai walda ya sa ƙarfen dafawa. Abokansa su riƙa shigowa gaisuwa ba sai sun hau ba, ya kuma samu jam'i a masallacin unguwa.

Mai tambaya: Hajiya, mun gwada. Cewa ya yi ba zai bar ɗakinsa ba, wai an mayar da shi baƙo a gidansa.

Hajiya: To ba ku ne za ku faɗa masa ba. Ku samu amininsa ko limaminku. Kuma a sauko da gadonsa da littattafansa yadda suke, kar a sayo sabo.

Mai tambaya: Mun gode, Allah ya saka da alheri. Taki uku ne a ƙofar falon, kowanne santimita 15. In za a yi gangara a wurin, mita nawa za ta kai?

Mai amfani da keke: Mita 5.4. A bar simintin da kaushi, kar a sa tayil, don da damina santsi yake yi.