Rahoton yanayi kafin a aza harsashi

Mai Zane: Assalamu alaikum. An ba ni zanen ɗakin taro a Kano, an ce in haɗa da rahoton yanayi. Me ya kamata ya ƙunsa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka nemi alƙaluman ruwan sama na shekaru da dama daga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, musamman na Agusta, domin da su ake auna faɗin indararo da magudana. Haka kuma iskar farkon damina, wadda galibi daga gabas take tasowa ta yaye kwano.

Ɗan Kwangila: Ƙanena, ku riƙa rubuta kowace ranar da ruwa ya tsayar da aiki, domin na taɓa rasa ƙarin wa'adi saboda ba mu rubuta ba.

Birkila: A saka zafin Afrilu, lokacin da kankare ke tsagewa idan ba a yi masa ban-ruwa ba.