Ina son rataya zobban motsa jiki a ɗaki: ta yaya zan kafa su kada su ɓalle?

MaiAtisaye:
Salam 'yan'uwa. Ina da zobba biyu na katako da bel ɗinsu, irin na jimnastik, ina son rataya su a ɗaki don jan jiki sama da turawa. Nauyina kilo 80. Saman ɗakin dekin kankare ne, tsayinsa wajen mita 3 daga ƙasa. Akwai ƙugiyar fanka a tsakiya da ba a amfani da ita. Za ta ɗauke ni, ko sai na huda? In hudawa ce, wane irin noti zan nema?

InjiniyanGini:
Wa'alaikumus salam. Ƙugiyar fanka dai ka manta da ita, Malam. An sa ta ne don abin da bai kai kilo 10 ba, kuma ba ka san yadda ta kama a cikin kankaren ba. Ga shi ita ɗaya ce, zobba kuwa wuri biyu suke so, da tazarar santimita 50 tsakaninsu, kamar yadda ake yi a gasa.

Kada ka yi lissafi da kilo 80. Duk lokacin da ka sako jiki da sauri ko ka yi lilo, abin da ke sauka a kan notin yana iya kai ninki biyu zuwa uku, wato wajen kilo 240. Kuma sau da yawa hannu ɗaya ne ke karɓar nauyin kafin ɗayan, don haka kowane gefe sai ya iya ɗaukar wannan shi kaɗai, da rara mai yawa.

Abu na farko, tabbatar kankare ne zalla. Akwai dekin da ake jera bulo mai rami a ciki a shafe da filasta, daga ƙasa ba ka bambance su. In kana hudawa bakin injin huda ya faɗa fili bayan santimita 2 ko 3, tsaya, nan ba wurin kafawa ba ne.

In kankare ne, nemi faranti na ƙarfe mai ido (zoben da ake rataya bel a jiki), mai huji biyu ko huɗu, da anka bol na ƙarfe, M10 ko M12 (wato mai kaurin milimita 10 ko 12), wanda gindinsa ke buɗewa idan an ɗaure. Duba kwalin ya nuna an amince da shi a kankare mai tsaga. Dalili: ƙasan dekin shi ne ɓangaren da ke miƙewa idan nauyi ya hau, ƙananan tsagogi sukan fito da ido ba ya gani, kuma ba kowane anka ne ke ci gaba da riƙo a nan ba. Robar nan da ake cusawa a bango a rataya hoto kuwa, ko kusa kada ka yi amfani da ita.

Hudawa: bakin injin ya zama daidai da girman da aka rubuta, ba wanda ya fi ba. Naɗa tef a jikinsa don ka san zurfin, galibi santimita 7 zuwa 8, kuma filasta ba ta cikin lissafi. Ka nisanci gefen kankare da duk wata tsaga da aƙalla santimita 15. Ka nisanci layin da ya taso daga fanka ko ƙwan lantarki zuwa makunni, nan bututun waya ke bi. In ka ci karo da rodi, kada ka yanke shi, matsa gefe. Sai ka busa ramin, ka goge da buroshi, ka sake busawa. Ƙurar da ake bari a ciki tana rage riƙo ƙwarai, kuma ita ce mutane suka fi raina wa. Ɗauri ya tsaya a ƙarfin da kamfanin ya rubuta, don matsewa fiye da kima tana jawo ankan waje ko ta fasa bakin ramin.

Kafinta_Tsoho:
Injiniya ya gama magana a kan kankare. Don masu silin na POP ko na kwali da za su karanta: silin ba ya ɗaukar mutum, siraran katakon da ke riƙe da shi ma haka. Sai babban katakon da ke ɗauke da bene. Ka sa falanki mai kaurin santimita 5 ya ratsa katako uku, ka ɗaure shi a tsakiyar kowanne da sukuru mai kaurin milimita 10, bayan ka fara huda ramin milimita 6 ko 7 don kada katakon ya tsage. Ya shiga aƙalla santimita 7. Farantan kuma a jikin falankin, da noti mai ratsawa da washa babba ta baya. Ƙusa ba ta aikin nan, a hankali take zarewa. Katakon rufin kwano kuwa ba a yi shi don nauyi ya taru a wuri ɗaya ba, sai wanda ya san gini ya hau ya duba, har da ko gara ta ci.

MaiAtisaye:
Na gode. Wani ya ce mini anka na gam, wanda ake cika ramin da gam a cusa shi, ya fi ƙarfi. Haka ne?

InjiniyanGini:
A bango ko a ƙasa yana da kyau, a hannun wanda ya iya. A sama kuwa ba na ba sabon hannu shawararsa. Cika ramin da ke kallon ƙasa ba tare da iska ta maƙale ba yana da wuya, kuma wani gam ɗin yana saki a hankali idan nauyi ya daɗe yana jansa. Irin wannan sakin ne ya sa silin kankare ya rufto a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa a Boston ta Amurka a 2006, har mace ɗaya ta rasu. Tsaya kan na ƙarfen.

KocinZobba:
Ni abin da ke ƙasa da farantin zan taɓa, don yawancin faɗuwa daga bel take zuwa. Kan bel ɗin yana da haƙora da ke cizo ta fuska ɗaya kawai. In ka zura bel ta inda bai dace ba, zai yi kamar ya kama, kana hawa ya sulale. Bayan zurawa ka fizge shi da ƙarfi, in ya motsa ko kaɗan, ka juya. Ka ajiye kan can sama da zoben don kada ya yanke maka dantse.

Kada bel ya goga da kaifin ƙarfe. In za ka sa ƙugiya tsakani, ta masu hawan dutse mai kulle, wadda aka buga 20 kN ko fiye a jikinta (kN ma'aunin ƙarfin da take ɗauka ne), ba ta rataya makulli ba. Ido kuma wanda aka ƙera rufaffe, ba rodin da aka lanƙwasa ba, shi buɗewa yake yi.

Gwaji: sauke zobban zuwa ƙugu, sa katifa a ƙasa, ka ɗora nauyi ƙafafunka na ƙasa, sannan ka ɗaga su, sannan ka ɗan girgiza, kowane gefe daban. Ƙura ta zubo ko ka ji ƙara, sauka. Ja layi da alƙalamin maka daga noti zuwa faranti, in layin ya goce ka san ya saki. Ka bar filin mita ɗaya ta kowane gefe, kuma da silin mita 3, zobban kada su wuce mita 2 in za ka haura samansu, in ba haka ba kanka zai bugi dekin.